Sun Ce Mini Kaka

Laraba da daddare, Majidaɗi

Yau Malama ta tambayi kowa abin da yake so ya zama. Da aka zo kaina na ce ungozoma, muryata ƙasa-ƙasa. Aji ya fashe da dariya. Rabi ta ce, "To Kaka, jira haƙoranki su zube tukuna, ki nemo reza da tukunyar ruwan zafi!"

Malama ta tsawatar. Ta ce yanzu har a jami'a ake karanta aikin ungozoma a ba mutum digiri, amma sai ya iya kimiyya. Ni kuwa kimiyyar ce ke ba ni wuya. Har aka tashi Kaka suke kirana. Ni kaɗai na ci ƙosaina a bayan aji.

Ban faɗa musu dalilina ba. Ranar da naƙuda ta kama Inna a ƙauyenmu bayan Sunkani, cewa aka yi yarinya ba ta shiga ɗakin haihuwa. A ƙofa na tsaya, babu ungozoma a kusa, har Goggo ta fito tana salati. Allah Ya jiƙan Inna.

Gobe layin gaba zan zauna a darasin kimiyya, su yi ta Kakarsu. Ba za a sake tsayar da ni a ƙofa ba.