Saƙon da Ba Ka Buɗe Ba

Garwa, Litinin bayan la'asar

Zuwa ga Muntaka, sanyin idona, inuwar darbejiyata a tsakiyar watan Maris, ruwan randar da nake kashe ƙishi da shi, jinjirin watan da nake hangowa kafin kowa ya gani, kuma mutumin da ya fi kowane bijimi a tiken Garwa taurin kai.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da begen da wannan takarda ba za ta iya ɗauka ba. Yaya jikinka? Yaya ƙarfin hali? Kana samun abin ci a gidan yarin nan na Yola, ko har yanzu kana raba naka da na kusa da kai kamar yadda ka saba? Wata huɗu rabon da in ji muryarka, ya masoyina, wata huɗu! Damina ta kankama, Binuwai ta cika ta batse, auduga ta yi kore shar a hanyar Pitowa, ni kuwa ban ga komai ba, don idon da zan gani da shi yana wurinka.

Saƙonka ya iso ranar Juma'a ta bakin André, direban da ke jigila tsakanin nan da Yola. Ya tsaya a ƙofar gidanmu yana murza makullin mota, ya kasa kallona, ya ce, "Madmazel Adawiyya, wallahi ni ɗan aike ne kawai. Ya ce ranar Alhamis zai gaya wa alƙali ya aikata. Ya ce kuma ya sauke miki alkawari, ki nemi wani." Na kawo masa ruwa ya sha, na shiga ɗaki na yi kukana har na gaji. Da na gaji sai haushi ya zo, kuma da shi nake rubuta maka wannan. Ka sauke mini alkawari! Yaushe ka ɗora mini shi da za ka sauke? Ni na sunkuya na ɗauka da hannuna, ba wanda ya taya ni, ba kuma wanda zai sauke mini, har da kai.

Na ga takardar tuhumar. Lauyarka ta turo mini hotonta a waya. Ka san Faransanci na yi a makaranta, Ingilishina bai wuce na gaisuwa ba, sai na kai wa Clarisse, ƙawata da ke koyar da shi a makarantar sakandare, muka zauna a gindin mangwaron gidansu tana fassara mini layi-layi. A can sama an rubuta wai Jamhuriyar Tarayyar Najeriya ce ke ƙarar Muntaka Zakari. Ƙasa guda, da sojojinta da jiragenta, ta taso a kan mai sarin fatar Maruwa! Ba don hawaye ba da na yi dariya. Ashe girmanka ya kai haka ban sani ba?

Tuhuma uku suka jera maka a gaban kotun tarayya. Ta farko, wai ka haɗa baki da wasu da ba a kama ba tukuna. Ta biyu, ka shigar da haramtattun kaya ƙasarsu. Ta uku, an same ka da hauren giwa a cikin buhu uku. Lauyar ta yi mini bayani ba ɓoye-ɓoye: in aka same ka da laifi a duka, zaman zai iya kaiwa shekara goma, ga tara, ga motarka da za a ƙwace. In kuwa ka amsa laifi tun yanzu, masu gabatar da ƙara za su janye biyu, wataƙila ka fito cikin shekara biyu. Ta ce hanya ɗaya ce ta wanke ka, a samu wanda zai tsaya ya shaida cewa ba kai ka ɗinke buhunan ba, ba ka kuma san abin da ke ciki ba. Sau biyar tana tambayarka wa ya ba ka su, kullum sai ka sunkuyar da kai ka ce wani mutum ne a tasha.

Wani mutum a tasha! Haba, Muntaka.

Ka tuna kwanon dambun nama? Farkon zuwanka zance ne, kana shirin tafiya Maruwa sarin fata. Na ɗaure kwano a ɗankwali na ce ka kai wa Goggo Sadiya a can. Tun daga Garwa ƙamshi yake dukan hancinka, ga yunwa, ga rana, ga ramukan hanya, ba ka ko taɓa ƙullin ba. Goggo ta kwance a gabanka, sai ga 'yar takarda a kan murfin: "Muntaka, ba na Goggo ba ne, naka ne, ka ci a hanya." Ta yi dariya har da hawaye, ta kira ni a waya tana cewa, "Ke Adawiyya, wannan ki riƙe shi hannu bibbiyu." Da ka dawo muka tsaya a kan gadar Binuwai da yamma, dorina tana fito da hanci tana komawa, ina ta tsokanarka. Ka ce mini, "A gidanmu ba a buɗe saƙon mutane, ko da maciji ne a ciki." A ranar sonka ya kama ni kamun da ban samu maganinsa ba har yau. Ya hasken zuciyata, ashe halin da ya sa na so ka shi zai kai ka bayan ƙofar ƙarfe?

To, bari in gaya maka abin da kake ɓoye mini, tunda kana zaton ban sani ba. Babu wani mutum a tasha. Baffa Ilyasu ne, ƙanin mahaifina, waliyyina tun rasuwar Baba, wanda shi zai ba ka aurena. Ina tsakar gida da safen ranar da za ka tafi Yola ya kira ka zaure. Ka cire takalmi tun daga waje, ka durƙusa, idonka a ƙasa. Ya ce, "Muntaka, tunda Yola za ka, ga ɗan saƙon fatu, wani zai tare ka a Jimeta ya karɓa." Ka ce, "To, Baffa." Me za ka ce kuma? Wane mai neman aure ne a garin nan zai dubi waliyyin yarinya ya ce tsaya in kwance in gani? Da ka yi haka, da kafin azahar duk mahautan Garwa sun ji cewa yaron ba shi da kunya. Baffa ya san haka sarai, shi ya sa bai ba direban haya ba, ya ba ka.

Kuma ni ce na kai masa basilla da zare. Kafin ka iso yana sito yana cusa kaya, ya ƙwala mini kira, na miƙa masa, na hango wani farin abu a naɗe cikin fatun. Na ɗauka ƙaho ne. Ni 'yar gidan mahauta, da na tashi ƙaho yana zube a kowane lungu kamar itacen girki, me zai sa in sake kallo? Sai da labarin kama ka a kan iyaka ya zo na tuna yadda Baffa yake nishi wajen jan buhu ɗaya. Ƙaho ai cikinsa rami ne, ba ya sa ƙaton mutum nishi.

Wata huɗu na yi shiru, kuma ina jin kunyar hakan. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ina jira Baffa ya tashi da kansa, yau ne, gobe ne. Shi kuwa kullum yana sahun gaba a masallaci, in an ɗauko maganarka a zaure sai ya girgiza kai ya ce, "Yaran yanzu, Allah ya shirya." Ina jin sa ta taga, ina dama fura.

Jiya na same shi. Na cire takalmi kamar yadda ka yi, na durƙusa inda ka durƙusa, amma ni ban sunkuyar da kai ba. Na ce, "Baffa, Alhamis za a shiga kotu. Ko ka je, ko in je." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "In kika buɗe bakinki, ki nemi wani waliyyin, ki nemi wani gidan." Na ce, "To, Baffa." Ka ga, ni ma na iya faɗar ta. Inna ta yi ta kuka wai zan tona asirin zuri'a. Yau da safe kuma ita da kanta ta ɗauko katin shaidata daga ƙasan akwati ta ajiye mini a kan gado.

Na san tunanin da ka yi a cikin ɗakin nan, ya abin ƙaunata. Ka ce in ka ambaci sunansa ka tozarta gidanmu, gara ka haɗiye shekara biyu ka bar ni da mutuncin dangina. Wa ya tambaye ka? Wa ya ce maka ina son mutuncin da aka saya da sunanka? Shekara biyun za su ƙare, amma "na aikata" ɗin nan za ta bi ka kan iyaka duk ranar da ka miƙa takardunka, ta bi ka kasuwar Maruwa, ta bi 'ya'yanmu makaranta. Kai da ba ka taɓa ganin giwa ba sai a hoton kalanda, a ce kai ne dillalin haurenta?

Ban ce in na yi shaida shi ke nan an sake ka ba. Lauyar ta ce alƙali zai iya yarda da ni, zai iya ƙi. To, ya ƙi ɗin! Su ba ka goman! Shekarata ashirin da huɗu, zan zama talatin da huɗu, sai me? Binuwai za ta cika ta janye sau goma, ina nan. In an kore ni in koma wurin Goggo da keken ɗinkina, in zo maka duk ranar da suka buɗe ƙofar ziyara. Waliyyi kuwa, limamin unguwarmu ya san abin da shari'a ta tanada wa marainiyar da aka ƙi don ta faɗi gaskiya, zai tsaya mini. Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna a benci in ji bakin da bai taɓa yi mini ƙarya ba yana yi wa kansa ƙarya.

Ina roƙonka don Allah, don Annabi, don mahaifiyarka da ta daina fita ko suna. In an karanta maka tuhumar nan ranar Alhamis, ta farko da ta biyu da ta uku, ka ɗaga kai ka ce ba ka aikata ba. Sau uku, da ƙarfi, yadda na bencin baya zai ji.

In kuma kana shirin yi mini taurin kan nan naka, to ka makara. Dubi wasiƙar nan, ba a liƙe take ba. André ya ce tun da aka kama ka babu direban da ke karɓar saƙo a rufe a tasharsu, na ce sun yi daidai. Na san kuma ba za ta iso hannunka ba sai gandiroba ya bi ta layi-layi. Sannu da aiki, Malam gandiroba, Allah ya ƙara girma. Karanta da kyau, in da hali ka nuna wa na gaba da kai: wanda ya ɗinke buhunan sunansa Ilyasu, mahauci ne a Garwa, ni Adawiyya 'yar wansa na gani da idona. Lauyar ma na gaya mata a waya yau da hantsi, ta rubuta, ta ce in zo da katina. Ka gani, Muntaka? Ba ka ci amanar kowa ba, ba ka kwance ƙullin kowa ba, kunyarka tana nan yadda ka ajiye ta. Ni na kwance. Saƙon gidanmu ne, ina da iko.

Gobe André zai taso da wannan, Laraba in biyo baya. Ranar Alhamis in sun shigo da kai ka waiga, za ka ga koren mayafin nan da ka ce yana sa in yi kama da gonar auduga. Kada ka kuskura ka sunkuyar da kai in ka gan ni.

Taka ce ni, a shekara biyu ko a goma, a Garwa ko a bakin ƙofar gidan yari, da yardar Baffa ko babu, har ranar da za a naɗe ni a likkafani.

Adawiyya

Af, André zai miƙa maka kwano tare da wannan. Dambun nama ne. Gandirobobi za su ɗanɗana, ka roƙe su kada su wuce loma biyu. Ban ɗaure shi da komai ba, don kada ka zauna kana jiran mai shi. Naka ne, ka ci.