Na Rubuta "Ba a Shiga" a Ƙofar Gidan da Ba Kowa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ina roƙonku kar ku yi saurin zagina, wallahi zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni. Ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan baki da baki, shi ya sa na kawo ta nan.

Ni tsohon soja ne, ina zaune a Gidan Rumji. Da na ajiye kaki na dawo ba yadda na tafi ba. Abin da na gani a daji ba zan faɗe shi nan ba, amma na zama mutum mai shiru da saurin fushi, ƙara kaɗan sai in zabura. Lokacin muna haya a Maraɗi ni da matata da ɗiyanmu mata biyu. Wata rana da azahar ƙaramar ta saki faranti a kan siminti, ban san sanda na miƙe na shuri randa ta fashe ba, ina ihu ina cewa su fita daga gabana. Yarinyar ta ɓoye bayan uwarta tana kallona kamar ba ta san ni ba. Washegari matata ta kwashe su ta tafi gidansu, wani ƙauye kusa da Cadawa. Ban sake ta ba, yaji ne ta yi. Ni kuwa kunya da taurin kai suka hana ni biko, yau gobe, yau gobe, har damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Na tattara na dawo Gidan Rumji, wanda ya tambaye ni iyali sai in ce suna lafiya.

Ana nan sai ƙungiyarmu ta tsofaffin sojoji ta samo mana tallafin gidaje a bayan gari, ɗaki uku da tsakar gida, a biya kaɗan-kaɗan daga abin da ake ba mu a wata. Gidajen ba su kai yawanmu ba, sai aka ce za a fara da waɗanda ke tare da iyalinsu, a yi ƙuri'a tsakaninsu, masu zaman kaɗaici su jira wani karo. Shugabanmu ya dube ni a gaban jama'a ya ce, "Kai fa, iyalinka suna tare da kai?" Na ce, "Suna nan." Haka kawai maganar ta fito. A raina cewa nake in na samu gida na kaina zan samu fuskar zuwa gaban surukina. Shin wannan uzuri ne? Na san ba uzuri ba ne. Aka zo kan gida na ƙarshe, mu kaɗan muka rage a cikin hular da aka zuba sunayenmu, sai sunana ya fito. Cikin waɗanda suka rasa har da mutumin da zan kira Ajidan, wato muƙaminsa na soja. Shi ne babbana a wurin aiki, shi ya karɓa mini aure tun da mahaifina ya riga ya rasu, daga baya aka kai shi arewa muka daɗe ba mu haɗu ba, bai san abin da ya faru a gidana ba. Yana da iyali mai yawa, suna cunkushe a ɗakin haya na laka. Shi ya fara rungume ni, yana cewa, "Ƙanena, kai ka samu, ni na samu."

Tun ranar da na tare nake raye cikin ƙarya. Na sayi fenti na rubuta "Ba a shiga" a ƙofa, kun dai san ba namijin da zai wuce zauren mai aure. Akwai zannuwa biyu da matata ta bari a akwati, nakan wanke su in shanya a igiya yadda za a hango su ta saman katanga. Ranar kasuwa in sayo kayan miya da yawa don a gan ni da su, rabi ya ruɓe. Kai, har turmi na saya! Ni da na riƙe bindiga shekara da shekaru, ni ne nake daka a tsakar gida da hantsi don masu wucewa su ji ƙarar taɓarya. In wata maƙwabciya ta yi sallama sai in leƙo in ce ai ta je duba tsohuwarta, jikin ba daɗi. Yawancin gidajen layinmu ba a gama tarewa ba, shi ya rufa mini asiri. In na gama wannan wasan sai in zauna a bakin ɗakin da na ware wa yaran, ba komai ciki sai tabarma a naɗe, in ci abinci ni kaɗai. Wallahi kaɗaici ya ci ni, wani lokaci in wuni ban ji muryata ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne zuwan Ajidan. Yakan zo da la'asar mu sha shayi a zaure, wani lokaci da kwanon tuwo daga matarsa, ya ce, "Yayarku ta ce a kai wa ƙanwarta, kuma ta ce wai gidan siminti ne ya sa aka manta da ita?" Sai in yi dariya in ce wayarta ce ta lalace, za ta zo. In zai tafi ya ce, "Shiga ka gai da mini mutanen gida." Sai in tashi in shiga, in tsaya a tsakar gida ni da turmi da zannuwa a igiya, in ɗan jima, in fito in ce, "Suna amsawa, Ajidan, sun ce a gai da Yaya." Wane irin mutum ne ke yin haka? Tuwon nan ni ke cinye shi.

Kar ku ce ban gwada ba. Na taɓa hawa mota har Cadawa ranar kasuwa, na aika wa surukina cewa na samu gida, ina neman izinin zuwa. Amsar da aka kawo mini ita ce, "Ba yaro ba ne shi, ya san yadda ake yi. Bayan wannan daɗewa ba zai shigo mini gida shi kaɗai ba, ya zo da wanda ya karɓa masa auren." Wanda ya karɓa mini auren kuwa kun san shi. Ta yaya zan ce wa Ajidan ya raka ni biko, alhali kullum yana aika gaisuwa ga matar da ba ta nan? Na juyo ban ko ga ɗiyana ba, alawar da na saya musu tana nan cikin aljihun rigar.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ruwan da aka yi makon nan ya kayar da bangon ɗakin Ajidan, Allah ya tsare ba wanda ya ji rauni, amma iyalinsa suna ƙarƙashin rumfar zana da leda. Jiya ya zo, ko shayin bai sha ba, yana ta murza hularsa a hannu. Mutumin da ban taɓa ganin ya roƙi kowa ba ya ce mini, "Ƙanena, nauyi nake ji, amma ba ni da kowa sai kai. Ka bar yayarka da 'yan matan su zauna wurin iyalinka har damina ta wuce, mata da mata ba sa takura wa juna. Ni da samarin ma kwana a masallaci." Na ce, "Haba Ajidan, gidanka ne." Ya ce in shiga in tambayi uwar gida tukuna, kar a yi mata ba-zata. Na shiga, na tsaya, na fito na ce ta yi murna.

Jibi zai kawo su a amalanke. Da zarar matarsa ta ɗaga labule za ta ga komai. In na faɗa masa gaskiya kafin nan, zai san da ƙarya na shiga ƙuri'ar da ba don ni ba wataƙila shi za ta faɗa wa, kuma in ƙungiya ta ji za a iya karɓe gidan, shi kenan ba ni da abin da zan nuna wa surukina. In na ƙirƙiro wata ƙaryar na hana su zuwa, yaransa za su ci gaba da kwana cikin ruwa, ni ina da ɗaki uku ba kowa. Kuma duk duniya shi kaɗai ne zai iya shiga gabana ya dawo mini da matata da ɗiyana. Ina tsoron ya dube ni ya fasa kirana ƙanensa, don in ya tafi ba ni da sauran mai sallama a ƙofata.

Jama'a, don Allah, me zan yi?