Burodin da Yefim Ya Miƙa wa Baƙo

Zuwa ga Gwaggo Serafima,

Ki gafarce ni da na yi karambanin rubuto miki, alhali rabonki da ni tun ina rarrafe. Ni ce Glafira, autar ƙanenki. Ina gaishe ki cikin ladabi, ina roƙon Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa iskar bakin tekun Yalta ta raba ki da tarin nan. Mama ta samu sauƙi, sai dai hannunta bai daina rawa ba, shi ya sa ta ce in rubuta tunda ni ce 'yar makaranta.

Na san kin ji cewa za a tuɓe Baba daga kujerar gwamna. Shekara goma sha tara yana riƙe da lardin nan, ko ranar da aka binne Kaka sai da ya leƙa ofis. Laifinsa kawai, da yunwa ta shiga ƙauyukan hayin kogi, ya buɗe rumbunan gwamnati bai jira izini daga babban birni ba. Aka ce za a turo mai bincike. Mama ta fara naɗe kayan azurfa a ɓoye, 'yan ajinmu kuma suka laƙaba mini 'yar tsohon gwamna.

Ranar da baƙon ya iso, dattawa suka tarye shi a ƙofar gari da burodi da gishiri yadda aka saba. Yefim, dagacin hayin kogi, shi ya riƙe farantin. Da ya yaye ƙyallen da aka rufa a kai sai ga burodi baƙi ƙirin, na ƙaiƙayi da ɓawon itace, irin wanda suka ci kafin a buɗe rumbu. Ina cikin masu waƙar maraba, na ga Baba ya daskare. Kin san wanda aka miƙa wa ba ya mayarwa. Baƙon ya gutsura, ya dangwali gishiri, ya yi ta tauna, abu ya ƙi wucewa. Yefim ya rusuna ya ce mai girma ya ci a hankali, su ma sai da suka yi wata biyu kafin maƙogwaronsu ya saba, amma gishirin dai na gaske ne, ba su yi masa rowa ba.

A gida Baba ya ce tsohon nan ya gama da shi. Matryona mai girki ta ce masa, kamar tana magana da yaro, ya zauna ya sha shayinsa, ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Baƙon bai ko taɓa agwagwar da aka gasa masa ba. Ya sa aka kai shi hayin kogi, ya kwana uku. Da zai tafi ya ƙulle sauran burodin a hankicinsa, ya ce zai ajiye shi a teburin waɗanda suka aiko shi, don gani ya kori ji.

Jiya takarda ta zo. An ja wa Baba kunne, amma yana nan a kujerarsa. Ya karanta sau biyu a tsaye, sannan ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da tafukansa. Gwaggo, ban taɓa ganin Baba zaune a ƙasa ba.

Ki gaida Kawu Platon da Yaya Lidiya. Mama da Matryona suna gaishe ki.

Ni ce 'yarki Glafira. In ban gundure ki ba, ko za ki yarje mini in sake rubutowa?