Dutsen da Baba Ya Ajiye Maka

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a aikinka. Mama tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka sani. Ni kuma na karɓi sakamakon digirina, ina ta neman aiki, har yanzu shiru.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Sai da na sake tambayar likita don kada in faɗa maka abin da ba haka ba: ganinsa ba zai dawo ba, ƙodarsa kuma ta gaji. Likitan bai yanke lokaci ba, amma ya ce duk mai son ganin Baba kada ya jinkirta.

Ƙaramar motar nan mai rimot, mai hawa duwatsu, wadda ka aiko da kayanta, ni da Baba mun gama haɗa ta. Ni nake ɗaure noti, shi yana lalube da yatsa yana yi mini gyara. Da farko kifewa take yi. Ya ɗora ta a tafin hannunsa, ya ce nauyinta ya yi sama, duk shekarun da ya yi yana tuƙa tifa bai taɓa yarda da irin wannan lodi ba. Muka sauko da batir ƙasa, muka sa dalma a tayoyin gaba, muka rage mata gudu. Yanzu tana hawa tulin duwatsun da na jera masa a bayan kicin, sannu a hankali kamar hawainiya.

Shi ke tuƙi, ni ke faɗa masa inda taya za ta taka. In na ce ya karkata hagu da santimita biyu, sai ya yi dariya, wai digiri ya lalata mini baki. Ya ce kai da "zo, zo, tsaya" kaɗai kake shigar da shi gareji da baya, kuma bai taɓa gogar bango ba. Babban dutsen da ke can sama ne ya rage, Baba ya hana a gwada, ya ce da muryarka zai hau shi. Jiya rimot ya suɓuce daga hannunsa, ya ce gumi ne. Na taɓa hannun, Yaya, babu gumi.

Na san samun hutu a wurinku da wuya, amma don Allah ka zo. Mama da Goggo da Auta suna gaishe ka, a shafa mini kan yara. Batir ɗin kullum a cike nake ajiye shi.

Ƙanwarka,
wadda Baba ke kira Injiniya