Turmin Bayan Katanga

Asabar, 1 Nuwamba 1997
Ranar farko a aiki. Wasan kwaikwayo ne na talabijin, a wani gida da aka hayo a Sawra, Omdurman. Na sha farar rigata ta Idi, ina zaton kusa da kyamara za a tsayar da ni. Ustaz Salahuddin, mai ba da umarni, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne Tahir? Aikinka shiru." Wato in za a ɗauka, ni zan bi layi in roƙi duniya ta kama bakinta: yara, awaki, mai jakin ruwa. Da na koma unguwarmu, Shajara, na ce wa Inna ina sashen sauti. Ai ban yi ƙarya ba.

Litinin, 3 Nuwamba
Turmi! A gidan da ke bayan katanga. Da Ustaz ya ce "sukut", wato a yi shiru, sai ya fara, kamar da gayya. Na zagaya na yi sallama da Larabcina mai kyau. Wata tsohuwa ce 'yar firit, tana dakan gyaɗar dakwa ta sayarwa. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Yi min Hausa, ɗan nan, Larabcinka ƙamshin daddawa yake." Gogo Khadiga sunanta. Ta jingine taɓarya, ta ce, "Khalas, na daina. Amma da ƙafarka za ka dawo."
Ban ma kai ƙofarmu ba na ji muryar namiji: "Khadiga! Khadiga!" Har cikin kunnen mai sauti. Ustaz ya harare ni kamar ni na haifi unguwar.

Talata, 4 Nuwamba
Mijinta ne, Baba Haliru. Idonsa ya tafi, tunaninsa ma yana bin baya. Ya ƙare ƙuruciyarsa a gonakin audugar Jazira, yanzu Larabcin duk ya zube masa, Hausa kaɗai ta rage. Da ƙarar turmi yake sanin matarsa tana gidan. Na ce to ta zauna kusa da shi mana. Ta ce in ta zauna, tambayar da ba ta so yake mata, kuma da ƙarfi.
Sai na zauna ni, a bakin gadonsa na igiya. Ya laluba hannuna, ya kai fuskata. "Nasrullahi? Ka dawo?"
Na dubi Gogo. Ta kawar da kai. Ta bayan katanga Ustaz yana ihu. Na ce, "Na'am, Baba."
Ya yi tsit, ya riƙe wuyan hannuna har aka gama ɗauka.
A bakin ƙofa ta gaya min. Nasrullahi autansu ne. An kwashe shi hidimar soja bara, aka kai shi fagen yaƙi a Kudu, bai dawo ba kuma ba zai dawo ba. An gaya wa tsohon, ya yi kuka, washegari ya manta ya sake tambaya. Daga nan ta daina gaya masa.

Asabar, 8 Nuwamba
Na zo koyon kyamara, na ƙare a matsa wa tsoho ƙafa. Allah ya ƙara, ni da rigar Idi.

Laraba, 12 Nuwamba
Mun daidaita. In za a ɗauka, mai sauti ya buga katanga, Gogo ta aje taɓarya, ni kuma in raɗa wa Baba cewa maƙwabta na aiki. Shi ma sai ya koma raɗa, yana murmushi, kamar wata ɓarna muka haɗa. Yau ya shafa tafina ya ce, "Ya yi laushi. Ba su ba ka aiki a can ba, zaman banza ka yi?" Daga ƙarƙashin matashi ya zaro dabino da ya ɓoye min, ya bushe ƙamas. Na cinye.
Ni da ban san muryar mahaifina ba. Ina goye ya rasu. Ban san haka faɗan uba yake da daɗi ba.

Litinin, 17 Nuwamba
Gogo ta miƙo min shayi ta ce, "Ya ɗan talabijin, yaushe za ku gama?" Na ce ƙarshen wata. Ta ce, "Kada ka saba masa da yawa." Ta koma dakanta, da ƙarfin da ya fi na kullum.
Na sha shayin bai yi min daɗi ba. Sai yau na ga abin da na yi: don a samu shiru na mayar masa da ɗa, in na tafi na sake ɗauke shi.

Alhamis, 20 Nuwamba
Ustaz ya yaba min a gaban kowa. Aiki na gaba a Jabal Awliya ne, bakin madatsa, kuma zan tsaya tare da mai kyamara. Abin da nake so ke nan tun farko. Na yi murna. Na ce na yi murna.

Alhamis, 27 Nuwamba
An gama. Kowa na naɗe waya, ni ina bayan katanga wajen Baba. Da ƙyar na ce, "Baba, zan je in dawo."
Ya ce, "Haka ka ce wancan karon."
Bai riƙe ni ba, shi ya fi ci min rai. Gogo ta rako ni ta ce, "Je ka, Allah ya yi maka albarka. Gobe zai manta. Turmi na nan." A mota na ga ba hula a kaina, na baro ta a ƙusar ɗakinsu.

Talata, 2 Disamba
Na taɓa kyamara yau, na leƙa ta ciki. Ruwan madatsa kyakkyawa. Da Ustaz ya ce "sukut" ko'ina ya yi tsit, sai na kama kaina ina kasa kunne. Ba abin da za a ji a wurin.

Juma'a, 5 Disamba
Hular na je ɗauka, ba wani abu ba. Mota biyu don hula, Inna har da dariya.
Na shiga layin ban ji turmi ba. Ban ji ana kiran Khadiga ba. Na tura ƙofar ko sallama ban yi ba.
Yana zaune a bakin gado, fuskarsa na kallon ƙofa. Gogo tana gefe da tiren gyaɗa tana murzawa da hannu, turmin a kife. Ta ce a hankali, "Tun da ka tafi ya hana ni daka. Wai yana hana shi jin takunka."
Baba ya miƙo hannu. "Ka daɗe, ɗana."
Na ce, "Mota ce, Baba."
Na zauna. Gogo ta tayar da turmin ta juye gyaɗar, ta juya mana baya tana daka, tana share fuska da gefen mayafi.
Sai a kan gada, ina dawowa, na tuna da hular. Tana nan a ƙusarta.