Tafin Hannuna Ya Daina Jin Wuta

Daren Laraba, watan Safar, Kankiya

Barci ya ƙi zuwa. Yau ni da hannuna na ƙona Indo, matar mai awon gyaɗa.

Tun daga Mawashi ta zo in yi mata tausa. Na ce ta zaɓa, gashin ganyen runhu, ko rairayi mai ɗumi a tsumma, ko dutse. Ta ce, "Inna, ke kika san aikinki." Na ɗauki dutse, don da shi nake taƙama. Na zaro shi daga toka, na jujjuya a tafina, ɗumi kawai na ji. Ina ɗora mata a baya ta ƙwalla ihu. Nan take wurin ya yi bororo.

Malamin asibitin En'e ya sa mata magani, ya ce mini, "Iya, ba ki gwada ba ne?" Na gwada mana! Shekara talatin ina gwadawa.

Dutse kam na bar shi. Rairayin ma a kumatu zan riƙa gwadawa, mai dariya ya yi.

Ɗazu na kara tafina a gilashin fitila ina jira. Ƙauri na fara ji kafin zafi.