Warwaron Kaka da Farantan Wuta

Assalamu alaikum, Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya ke da maigidanki, Allah ya ƙara muku lafiya, ya raba ki da abin da kike ɗauke da shi cikin sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar babanki da take taɓa shi idan ya daɗe a tsaye. Yayarki ta yaye ɗanta, kawunku malamin makaranta kuma ya tare a sabon gidansa.

Maganar bidiyon da kika turo daga wurin aikinki ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na kalle shi har wayar ta yi zafi a hannuna. Na ga kwatarniyar gilashi cike da koren ruwa, na ga farantan ƙarfe biyu da kika tsoma a ciki, ɗaya da jar waya, ɗaya da baƙa. Na ji bayaninki cewa idan aka kunna wuta, gansakukar da ta yi ƙanƙantar da rariya ba ta kama ta sai ta dunƙule, kumfa ya ɗago ta sama, ku yaɗe, ku shanya, a yi abincin kifi da mai. Na yi sakandare, na gane. Amma ni ce na yi ta dukan hannunki kina ƙarama don kada ki taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu, yau ga shi da gangan kike haɗa ruwa da lantarki kina dariya, da cikinki a gaba.

Babanki da farko wasa ya mayar da abin. Ya ce ashe duk karatun nan na kwasar gansakuka ne, da ya sani da ya ba ki kwangilar wanke tankin gidan nan, ya huta da hawan tsani. Yana cikin dariya, a bidiyon kika miƙa hannu za ki yaɗe koren, warwaron azurfar kakarki ya zamo daga damtsenki, yana lilo tsakanin farantan nan biyu. Sai ya daina dariya, ya ƙura wa wayar ido. Kin san babanki ba ya yin haka a banza. Da na matsa masa, ya ce ƙarfin wutar ba shi ne damuwarsa ba, tunda kin ce bai wuce na batirin mota ba. Ya ce a garejinsu ya taɓa ganin sifana ta faɗa kan batir ta haɗa kawunan biyu, nan take ta yi ja, ta ɗaye wa mai ita tafin hannu. Ya ƙara da cewa kumfan da kike yabo, ke da bakinki kika ce iska ce mai kama wuta, kuma bai ga taga a buɗe a ɗakin ba. 

Na san abin da ya hana ki cire warwaron. Ranar da za ki tafi, ni na sa miki shi, na ce ban yarda ki cire ba ko wanka za ki yi, kuma ke ba ki taɓa tsallake maganata ba. To, ki saurara da kyau. Biyayya ba rufe ido ba ce, Allah ya ba ki hankali don ki yi aiki da shi. Na janye waccan magana. Ki cire warwaron nan yau, ba gobe ba, ki ƙulle shi a akwati. Ki sa safar hannu, ki kashe wuta kafin ki kai hannu, ki sa a buɗe tagar nan. Idan shugabanku ya ce ɓata lokaci ne, ki ce masa uwarki ce ta ce, ga lambata. Kada ki turo mini dogon bayani da turancinku. Hoton hannunki nake so, wuyan hannun babu komai, a gaban kwatarniyar.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa ina ganin laifinsa da ya kalla bai tanka ba. Babanki, yayarki, kawu malam da gwaggonki mai ɗinki duk suna gaishe ki. Allah ya tsare min ku, ke da na cikinki.

Wayar tana hannuna, ban ajiye ba.

Mahaifiyarki